Wasiƙa Zuwa Ga Ƙanwata Malamar Aji Uku

Auta,

Saƙonki ya iso ni, na kuma karanta shi a tsanake. Kin ce yara uku a ajinki sun tsaya miki a rai, yaro kurma da yarinya zabiya da wani mai farfaɗiya, har wasu malamai suna ba ki shawarar ki haɗa su a benci ɗaya can bayan aji, wai don kada su ja wa sauran baya. Don Allah kada ki karɓi wannan shawara. Yaran nan ba lalura ɗaya ce da su ba. Abin da zai taimaki wannan ba shi zai taimaki wancan ba, kuma bayan aji shi ne wuri mafi muni ga biyu daga cikinsu.

Bari in fara da kurman, domin shi ne ya fi damuna. Kin ce sanƙarau ne ya ɗauke masa ji yana ɗan shekara huɗu. Haka cutar take yi wa yara da yawa a ƙasarmu lokacin zafi, ta tafi ta bar kunne a mace. Amma kunnen kaɗai ta taɓa. Kaifin basirarsa na nan, kuma tunda ya taɓa jin magana kafin ciwon, yana da tushen da za ki ɗora a kai. Ki zaunar da shi a layin gaba, inda zai riƙa ganin bakinki da kyau. Kada ki yi bayani kina fuskantar allo. Ki gama rubutun, ki juyo, sannan ki yi magana. Ɗaga murya ba ya ƙara masa komai, sai dai ya murɗe siffar leɓe ya ƙara rikita shi. In za ki kira shi, ki taɓa kafaɗarsa a hankali ko ki ɗaga hannu inda zai gani, ban da jifa da alli.

Sannan ki koyi maganar hannu. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kuramen ƙasar Hausa sun daɗe da harshensu na hannu mai ƙa'ida, da shi suke ciniki da hira da rigima da sulhu, har wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta yi nazarinsa ta fitar da littafi a shekarar 2000. Akwai kuma makarantar Tudun Maliki, inda malamai suka ƙware a koyar da kurame da makafi. Ki nemi babban kurma a unguwarku ya riƙa zuwa ko da sau ɗaya a mako, ya koya wa ajin gaba ɗaya, ba yaron kaɗai ba. Yara na saurin ɗauka fiye da mu. Ranar da abokin zamansa ya iya tambayarsa aron biro da hannu, kaɗaicin da ke sa shi faɗa da kuka zai fara yayewa.

Ita kuwa zabiyar, mutane fatarta suke kallo, su manta da idonta. Yawancin zabiya ganinsu na da rauni, haske mai ƙarfi kuma yana damun su. Shi ya sa kike ganin ta manna fuska a littafi tana kwafar rubutun maƙwabciyarta. Ba lalaci ba ne, allon ne ba ta gani. Ki kawo ta gaba, nesa da taga, ki ƙara girman rubutu. Kada a tsayar da ita a rana lokacin asambule ko shara, a bar ta da riga mai dogon hannu da malafa, domin rana na ƙona fatarsu har ta kai ga ciwon daji.

Mai farfaɗiya shi abin da yake bukata a wurinki natsuwa ce. Ba a ɗaukar cutar ta yawu ko ta taɓa jiki, ki faɗa wa yaran wannan tun kafin ta tashi. Idan ya faɗi, ki janye benci daga kusa da shi, ki sa mayafinki a ƙarƙashin kansa, in jijjigar ta lafa ki juya shi a gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa. In ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, sai asibiti. Ki kuma lallashi iyayensa su riƙe magani, domin da yawa suna daina faɗuwa in ana sha a kan kari.

Idan masu shawarar bencin baya suka matsa miki, ki tuna musu cewa doka na tare da ke. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa masu nakasa wariya, ta kuma ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Tun kafin doka ma muna da abin koyi. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, a kansa aka saukar da farkon Suratu Abasa, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa shi ladani, ya bar masa riƙon Madina a wasu tafiye-tafiyensa. Aiki aka ba shi, ba sadaka ba. Ke ma ki ba su aiki a ajin: wannan ya raba littattafai, waccan ta kira suna. Kuma kafin ki yanke musu komai, ki tambaye su, ki tambayi iyayensu mata, sun fi mu sanin inda abin yake musu ciwo.

Ki rubuto mini yadda kuka yi da iyayen kurman, da ko kin samu wanda zai koyar da maganar hannun. Inna na gaishe ki, ta ce ki zo da yara in an yi hutu. Allah Ya dafa miki.

Yayarki mai ƙaunarki.