Garkar Barkono a Bazara

Babu gidan da a ke ɗora tukunya a ƙasar Hausa da ba ya bukatar barkono. Mai hali ya kan sa nama da man shanu a miyarsa, talaka ya kan yi tasa da kuka da daddawa kaɗai, amma dukansu biyu sai sun nemi yaji. Duk da haka, a cikin birane gidaje kaɗan ne su ke shuka shi. Sauran sai su dogara ga kasuwa, kasuwa kuwa ba ta da tausayi daga watan Mayu zuwa Yuli. A lokacin nan na lambun rani ya ƙare, na damina bai nuna ba, sai mai kayan miya ya riƙa rage kashi yana ƙara kuɗi. Wanda ya yi cefane a farkon daminar 1445 ta Hijira, watau shekarar 2024, bai manta ba yadda attarugu da tumatir su ka yi tsadar da ta sa mata da yawa su ka koma ga busasshe.

Mutane da yawa suna zaton barkono ɗan ƙasa ne tun kaka da kakanni, amma baƙo ne. Asalinsa ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, inda mutanen wurin su ka yi dubban shekaru suna nomansa. Bayan tafiyar Kolombus ta shekarar 1492 aka kai shi Turai, daga nan jiragen Fotugis su ka bi da shi gaɓar Afirka da Indiya. Kafin zuwansa, masoro da kimba da citta su ne su ke ɗumama bakin Bahaushe. Har yanzu suna nan cikin yajin jego da na kunu, amma a tukunyar miya baƙon ya ture 'yan gida.

Iri uku ne aka fi sani. Akwai tattasai, babba mai tsoka, wanda ya fi ba da launi da kauri bisa ga zafi. Akwai barkono ɗan siriri da a ke shanyawa a daka. Sa'an nan akwai attarugu, gajere mai ƙamshi, wanda ya fi su duka faɗa. Zafin nan ba a cikin ƙwayar iri ya ke ba, kamar yadda a ke cewa. Yana cikin farin naman nan na ciki wanda ƙwayoyin su ke manne da shi. Ruwa ba ya wanke shi daga baki, sai nono ko mai, shi ya sa yaron da ya gutsiri attarugu ya kan shanye moɗa guda bai daina kuka ba. Tsuntsaye kuwa ba sa jin zafin ko kaɗan, su kan haɗiye 'ya'yan su kai irin wani wuri. Saboda haka ne a kan ga barkono ya tsiro a gindin katanga ba wanda ya shuka shi.

To, me ya haɗa barkono da bazara, lokacin da rijiyoyi su ke ja da baya, kaji su ke buɗe baki a inuwa? A Ingila da makamantanta, abin da mai lambu ya ke tsoro a wannan lokaci na shekara sanyi ne, har ya kan yi renon iri a cikin ɗaki. A nan abin tsoron rana ce. A watan Afrilu zafi ya kan kai digiri 40 a Kano da Sakkwato, barkono kuwa in zafi ya wuce kamar digiri 35 sai ya riƙa zubar da furensa bai ƙulla ba. Don haka mai neman 'ya'ya a bazara ya wahalar da kansa. Bazara lokacin reno ce. Aikinta shi ne a sami dashe mai ƙarfi wanda zai tari damina tun daga farkonta.

Lissafin ba shi da wuya, amma da baya a ke yinsa. Iri ya kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin ya tsiro, attarugu ya fi nawa. Daga tsiro zuwa dashe kamar mako biyar ne ko shida. Sai mutum ya dubi lokacin da damina ta saba zama a garinsu, ya ƙirga wata biyu baya. Mutumin Zariya, inda ruwa ya kan zauna wajen ƙarshen Mayu, zai yafa irinsa a ƙarshen Maris. Mutumin Katsina ko Maraɗi sai ya dakata har tsakiyar Afrilu ko ƙarshensa, gama nasu ruwan ya fi jinkiri.

Zaɓen iri shi ne inda a ke fara asara ba a sani ba. A ɗauki irin daga 'ya'yan da su ka nuna jajawur a jikin uwa mai lafiya, a shanya shi a inuwa. Wanda aka tsince daga busasshen barkonon kasuwa sau da yawa ba ya fitowa, don an shanya shi a kan dutse ko kwalta mai zafi. In kuma an shuka tattasai dab da barkono, ƙudan zuma su kan haɗa su aure. A shekarar ba a ganin kome, sai baɗi mai gida ya shuka irin tattasainsa ya girbi abin da ba tattasai ba, ba barkono ba.

Wurin reno ba ya bukatar fili. Fasasshiyar tukunya ta isa, ko tsohon daro da aka huda ƙasansa, ko ɗan fangali mai tsawon kamu huɗu. A gauraya ƙasa mai laushi da kashin awaki wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin kaji ƙone tsiro ya ke yi. A yafa irin sama-sama, kada zurfinsa ya wuce faɗin farce, a rufe da busasshiyar ciyawa, a kafa 'yar rumfar kara a sama. Da zarar tsiro ya leƙo sai a ɗage ciyawar a bar rumfar. A kewaye wurin da ƙaya ko zana, domin kaza guda tana iya tone aikin mako uku kafin a sauke tukunyar rana.

Ruwa shi ne babbar magana. A gidan da a ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa, zuba shi a ƙasa a bazara ya kan jawo magana. Amma renon barkono ba ya shan abin da a ke zato. Ruwan alwala da aka tara a kwano ya isa tukwane biyu ko uku, haka ruwan wankin shinkafa, da ƙasari in awaki sun bari. Ruwan wanki mai omo, da wanda gishiri ko kanwa ta taɓa, waɗannan kam kashe shuka su ke yi. A ba da ruwa da sassafe da kuma bayan la'asar. Yawansa ma cuta ne: in ƙasa ta zama caɓi, sai a ga tsiron ya ruɓe daga gindi ya kwanta kamar an yanke shi da reza. Akwai wata dabara mai kyau ga wanda ya ke da ƙaramin tulu na yumɓu. A binne shi har wuya a tsakiyar shukar, a cika shi a rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsatsafowa a hankali wajen saiwa, rana ba ta sha rabinsa ba.

Sai kuma jarrabawar ruwan farko. A wani gida a birnin Zariya, uwargida da amarya kowacce ta yi renon attarugu a bayan ɗakinta. Wata rana a ƙarshen Afrilu hadari ya taso daga gabas da iska da ƙura, aka kwana ana ruwa. Da safe amarya ta ɗauki fartanya. Uwargida ta ce mata, "Ina za ki da su?" Ta ce, "Yaya, ai damina ta sauka, dubi ƙasa." Uwargida ta tona ƙasar da yatsa, ba ta kai gaɓa biyu ba ta tarar da busasshiya, ta ce, "Wannan na wanke ƙura ne. Ki bari a yi na uku." Amarya ta ga kamar ana yi mata baƙin ciki ne, ta dasa nata goma sha biyu a tsakar rana. Aka yi kwana goma sha shida sama ba ta sāke ɗigowa ba. Uku su ka rayu, su ma don ta riƙa kifa musu ƙwarya da rana ne. Da ruwa ya zauna uwargida ta raba nata dashen biyu ta ba ta rabi, ba ta ce kome ba, abin da amaryar ta ce ya fi mata faɗa ciwo.

Alamar lokacin dashe ita ce ƙasa ta jiƙe har zurfin tafin hannu, tsiron kuma ya yi ganye biyar ko shida. Mako guda kafin nan a riƙa rage rumfa da ruwa don ya saba da wuya. A cire shi da ƙasar gindinsa, a dasa da yamma, tsakanin kowane biyu kamu guda. Kada a sa shi inda ruwan indararo ya ke kwanciya, gama barkono ya fi jure ƙishi bisa ga ambaliya. Kada kuma a mai da shi inda aka yi tumatir ko gauta ko yalo bara, don dangi ɗaya ne, cutar saiwarsu ɗaya. Gindi goma sun ishi gida matsakaici.

Ganyayen ƙamshi ba su da wannan fitina. Ɗoɗɗoya tana son zafi, ta kan fito daga iri cikin mako guda, abin da ta ke bukata kawai a riƙa tsinke kanta kada ta yi fure da wuri ta tsufa. Na'ana'a reshe a ke dasawa, a inuwa kusa da randa inda ruwa ke ɗiga, kuma gara a tsare ta a tukunya, in ba haka ba sai ta mamaye garkar. Lansir da tafarnuwa na sanyin hunturu ne, wanda ya shuka su a bazara ya yi wa rana sadaka.

In ganyen barkono ya soma nannaɗewa, a juya bayansa a duba. Yawanci darɓa ce ko wani ɗan farin ƙuda, su ne kuma su ke ɗauko cuta daga wata shuka zuwa wata. A daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace a yayyafa da yamma. Wadda ta riga ta ƙanƙance ta yi rawaya ba ta da magani, a tuge ta a ƙone.

Wata biyu da rabi ko uku bayan dashe a ke fara tsinka, watau wajen ƙarshen Agusta. Mai karatu zai ce, ashe tsadar Yuni ba a tsere mata ba ke nan. A shekarar farko haka ne. Amma barkono ba gero ba ne da zai mutu da kaka. Attarugu da ɗan siririn nan su kan yi shekara biyu ko uku in ba a bar su da ƙishi ba. Wanda ya zaɓi gindi uku mafiya lafiya, ya sassabe rassansu a watan Maris, ya bi su da ruwan alwala har bazara ta wuce, da saukar ruwa za su yi sabon toho su yi fure tun sababbin dashe ba su kama ƙasa ba. A watan Yuli matar gidan za ta tsinki attarugu a bayan ɗakinta. Rarar kaka kuwa a shanya ta a kan tabarma har ta riƙa ƙara in an girgiza, a zuba a tulu a toshe bakinsa.