Ƙwayar Fitsarin Inna Da Faɗuwar Auta

Wannan makon ba ci gaban labari na kawo muku ba, ku yi mini uzuri, wani abu ne ya daɗe yana ci mini rai.

Duk wanda ya karanta littafina na uku zai tuna yarinyar nan da kishiyar uwa ta tura wa aljani, take faɗuwa tana kumfar baki a tsakar gida, har malami ya zo ya yi ruƙiyya aljanin ya tona wadda ta aiko shi. Babin nan shi ya sayar da littafin, masu sayar da littattafai a Bata sun sha faɗa mini. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, faɗuwar da na siffanta ta ƙanwata ce, Auta. Tun tana shekara 9 take farfaɗiya. Na zauna na kalli yadda idonta ke juyewa, yadda take cije harshe, na kwashe na zuba a takarda na karɓi kuɗina. Ita kuwa ta sha hayaƙi ta sha rubutu, an ware mata kwano wai yawunta na yaɗa ciwon, aurenta ko shekara bai rufa ba.

Sai ga azumin 2023, wanda ya faɗo cikin zafin nan na Maris da Afrilu. Innarmu tana da hawan jini, tana shan wata ƙwaya mai sa fitsari, irin da ake kira tayazayid. An hana ta gishiri, ita kuma ba ta wasa da dokar likita, miyarta lami. Da an sha ruwa sai ta yi ta ɗirkar ruwan randa, abinci kuwa loma biyu. Kwana biyu tana amai tana magana ba kan gado, muna cewa wahalar azumi ce. Ran na uku da sahur ta yanke jiki ta faɗi tana jijjiga, tsohuwar da ba ta taɓa yin haka ba a rayuwarta.

Kafin gari ya waye magana ta zaga dangi: aljanin Auta ya koma kan Inna. Wallahi har ni na yarda. Ɗana na fari, wanda ke karatun haɗa magunguna a jami'a, shi ya kafe sai asibiti. Aka ɗebi jini, likita ta dawo ta ce, "Hajiya, gishirin jikinta ne ya yi ƙasa. Ya kamata ya tsaya tsakanin 135 da 145, nata 116." Ƙwayar tana fitar da gishiri ta fitsari, Inna ba ta mayarwa, tana ƙara ruwa a kai. A hankali suka riƙa ɗaga shi, don wai gaggawar ma tana lalata ƙwaƙwalwa. Aka canza mata magani, har yau ba ta sake faɗuwa ba.

A zaman jinyar nan na tsare yaron da tambaya, me ya haɗa fitsari da ƙwaƙwalwa? Ya ce, "Umma, ƙwaƙwalwa da lantarki take aiki, lantarkin kuma daga gishiri yake." Ƙwayoyin halittarta suna da 'yan ƙofofi da sinadaran sodiyam da fotasiyam da kulorayid ke shige da fice, wannan shige da ficen shi ne saƙon da suke aika wa juna. Idan gishirin jini ya yi ƙasa, ruwa sai ya kwarara cikin ƙwayoyin su kumbura, su matsu da juna. Ni da iyakar karatuna sakandare sai na fassara wa kaina da kasuwar Kwari. Kullum hayaniya ce, amma kowa cinikinsa yake, shi ne lafiya. Ran da wani ya yi ihun ɓarawo duk kasuwa ta amsa da murya ɗaya, aka ruga gefe guda, to wannan ita ce farfaɗiya.

Na ce to ashe ƙwayar fitsari guba ce. Ya yi dariya ya ce a'a, wani abin mamakin ma, akwai 'yan uwanta da aka gwada don tsayar da faɗuwar. Diamox, tun shekarun 1950 ake ba wasu masu farfaɗiya ita, sai dai jiki kan saba da ita ƙarfinta ya ragu. A 1995 masu bincike a Amurka suka nuna cewa Lasix, wannan dai da ake ba masu kumburin ƙafa, tana kashe farfaɗiya a ƙwaƙwalwar ɓera, ba don ta rufe bakin ƙwayoyin ba, sai don ta hana su amsa ihun tare.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na jarirai. Ƙwaƙwalwa tana da birki, wani sinadari da ake kira GABA, wanda ke buɗe wa kulorayid ƙofa ya shiga ƙwayar ta lafa. A jariri sabon haihuwa kuwa akwai wani famfo da ya riga ya tara kulorayid a ciki, don haka in an buɗe ƙofar waje yake fita, birki ya koma totur. Famfon nan ɗan uwan wanda ke cikin ƙoda ne, shi ya sa aka yi tunanin maganin fitsari mai suna bumetanayid zai toshe shi. A ɓeraye ya yi aiki. Da aka gwada a jarirai 14 a Turai, sakamakon da ya fito a 2015 bai yi daɗi ba, an tsayar da gwajin, cikin 11 da suka rayu 3 sun samu matsalar ji. Don haka kada wata ta karanta wannan ta je kemis ta sayo Lasix wa ɗanta, kada kuma wani ya ajiye maganin hawan jininsa ba da sanin likita ba.

Bayan sallah na ɗauki Auta da kaina na kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa. Nata ba na gishiri ba ne irin na Inna, farfaɗiya ce sosai, aka ɗora ta a kan ƙwayar da za ta riƙa sha kullum. Likitan ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ne ke da ciwon, kuma kusan 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. A hanyar gida cikin adaidaita ta ce, "Yaya, ashe da tun ina yarinya aka kawo ni..." ba ta ƙarasa ba, ni ma na kasa cewa komai. Faɗuwar ta ragu ƙwarai, yanzu har ɗinki take koya.

Ta karanta littafin nan tun fitowarsa, ashe ta gane kanta, ba ta taɓa nuna mini ba sai bana.

Watan jiya mai buga mini littafi ya kira yana son a sake buga shi. Na ce sai na gyara babin nan, a kai yarinyar asibiti. Ya ce, "Haba Hajiya, in kin cire aljanin wa zai saya?" Na ce zan yi tunani. Babin yana nan cikin jakata, na rubuta shi sau uku na yaga biyu.