Daren Da Hadari Ya Ritsa Da Mu A Hanyar Bichi

'Yan uwana mata, duk wadda ta taɓa zuwa kai amarya da damina ta san yadda lokaci yake gudu. A watan Agustan 2022, shekarar da ambaliya ta addabi Jigawa da sassan Najeriya da dama, muka kai ƙawata ɗakinta a wani ƙauye tsakanin Bichi da Bagwai. Mu huɗu ne a motar Yayana: shi, Goggo, ni da ƙanwata da ke aji uku a sakandare.

Wannan ƙasa gwanin sha'awa ce. Babu daji ko kaɗan, gona na manne da gona, gero ya fitar da kai, dawa ta rufe mutum, ga gyaɗa da wake a ƙarƙashi. Kafin ki bar wannan gari kin hango rumbunan na gaba. Kowace bishiya ta yi kore shar, ban da gawo da ke kakkaɓe ganyensa da damina.

Umma ta ce lallai mu kwana gida, shi ya sa muna idar da sallar isha'i muka taso, duk da surukar amarya tana ta roƙon mu kwana. Ba mu yi nisa ba sai ga hadari ya gangamo daga gabas, inda muka dosa, baƙi ƙirin. Iska ta taso da ƙura, sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Waifa tana ta aiki amma a banza.

Goggo ta hango wata ƙatuwar ɗorawa ta ce, "Kai ɗan nan, raɓa mu ƙarƙashin bishiyar can."

"Goggo ki yi haƙuri," in ji Yaya, "nan ne tsawa ta fi faɗawa, ga iska na iya karyo reshe. Cikin motar nan da gilasai a rufe ya fi aminci, don in aradu ta faɗo ƙarfen jikinta take bi ta sauka ƙasa."

Ya rage gudu sosai, ya sauke fitila ƙasa, don wai babbar wuta dukan ruwan take yi ta dawo ido. Ƙanwata ta ƙanƙame ni tana kuka. Don ya ɗauke mata hankali ya ce ta riƙa ƙirga tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, kowace daƙiƙa 3 kimanin kilomita 1 ce. Da farko ta kai 9. Can kuma ko 2 ba ta kai ba. Wallahi ni kaina sai da cikina ya juya, bakina babu abin da yake sai salati.

Muka iso wani kwalbati da muka haye da rana a bushe. Yanzu ruwa ja wur yake malala a kansa, ba a ganin gefensa. Ni ce na ce, "Yaya ka taka mana, ai ɗan kaɗan ne, Umma na can hankalinta a tashe." Ya dube ni ya ce ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba ma yana tafiya da ƙaramar mota, kuma wa ya san ko ya cinye hanyar ta ƙasa? Ya ja da baya zuwa tudu, ya bar fitilun gefe suna ƙiftawa.

Da tsawa ta lafa, wani dattijo ya fito da tocila ya shigar da mu gidansa. Matarsa ta dama mana koko, ta ba ƙanwata zane. Aka kira Umma, da ƙyar waya ta shiga. Abin da ta ce shi ne, "Ku zauna nan ko da kwana ne."

Wajen ƙarfe ɗaya ruwa ya janye. Dattijon ya shiga da sanda yana dungura har tsallake, sannan muka bi shi a giya ta ɗaya. Yaya ya riƙa taɓa birki a hankali don ya bushe. Da muka hau kwaltar Bichi Goggo ta yi hamdala da ƙarfi. Kilomita 40 ɗin nan zuwa Kano, ta Dawanau, sai da muka fi awa guda muna cin su.

Muka tarar da Umma zaune kan sallaya, ba ta runtsa ba. Har yau in na tuna ni ce mai cewa a taka, sai kunya ta kama ni. Gaskiyar Hausawa, sauri kan haifi nawa.