Bara, lakile da kirik

Da na sauka Maradi wakansin da ya wuce, na tarar da motar Baba a ƙofar gida, ƙura ta lulluɓe ta, awaki na kwana ƙarƙashinta. Land Cruiser 80 ce, irin waɗanda Toyota ta ƙera tsakanin 1990 da 1997, don haka ta girme ni. Da ita Baba ke kai ƴan kasuwa ƙauyukan wajen Dakoro da Mayahi, kuma daga cikinta kuɗin karatuna a Yamai ke fitowa. Wata uku ke nan da hawan jini ya shanye mashi hannun dama. Ƙanena ya iya tuƙi, amma Baba ya hana shi lakile.

Na tambayi dalili. Ya ce: "Gindinta ke rawa. In ka taka wuta ta ja dama, in ka saki ta ja hagu. Bara ne suka mutu."

Ba barar almajiri yake nufi ba, ba kuma shekarar da ta wuce ba. Kalmar Faransanci ce, bras, wato hannu. Na tuna ranar da na taɓa gyara mashi ita gaban abokansa, ina shekarar farko a jami'a, ina jin kaina. Bai ce komi ba ran nan, sai dai tun daga lokacin "ɗan lakkwal" yake kirana.

Kuɗin gareji babu, asibiti ta cinye. Baba ya ce mu sayo kayan kawai, shi yana da kai, ni ina da hannu.

Ya fara da karatu. Tayoyin baya biyu suna haɗe da ƙarfe guda mai nauyi, shi ne fon. Hannuwa huɗu ke riƙe da fon ɗin a jikin shasi, dogaye biyu ƙasa, gajeru biyu sama, sai sanda guda a gicciye mai hana shi zamewa gefe. Bakin kowane hannu akwai roba da ƙarfe a tsakiyarta, Baba na ce mata silambulok. Zafin rana da hanyar latarit ke cinye robar. In ta tsage, fon ya samu wurin motsi, sai bayan mota ya riƙa juya kansa ba da izinin direba ba. Ka ɗora mutum goma da buhunan hatsi bisa wannan, ka ga abin da Baba ke tsoro.

Wurin masu sayar da kayan mota na yi Faransancina na aji, na jero sunan abin cikakke. Mai shagon ya dube ni, ya dubi takalmina, ya faɗi kuɗin da ya sa na fita tsakar rana na kira Baba. Ya ce in miƙa mashi wayar. Ban ji duka ba, na dai ji "bara na ƙasa, na kas, roba mai rai". Kas shi ne inda ake fasa tsoffin motoci a sayar da sassansu. Kuɗin ya sauko. Mun samu dogayen biyu, waɗanda suka fi lalacewa.

Washegari da asuba aka shimfiɗa wa Baba tabarma gindin bedi. Muka sa duwatsu gaba da bayan tayoyin gaba, muka ɗaga da kirik, muka tokare shasi da kututturan icce. Sai da ya sa ƙanena ya girgiza motar da ƙarfi kafin ya bar ni in shiga. Ya ce: "Kirik ɗagawa yake, ba ya riƙo. Wanda ya amince mashi, shi aka yi wa salla."

Bulon na farko ya ci mani awa biyu. Motar ta yi ƙuruciyarta a Turai, inda ake zuba gishiri bisa hanya lokacin ƙanƙara, kafin ta biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano. Tsatsar can ce nake faɗa da ita a Maradi. Muka jiƙa shi da gazuwal, muka zura lakile cikin dogon bututu don ƙarin ƙarfi, sai ya yi ƙara ya saki.

Na so in kwance hannuwan biyu lokaci guda in huta. Baba ya ce a'a, ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba fon zai mirgina, ramukan ba za su sake haɗuwa ba. Ko da hakan, ramin sabon hannun ya ƙi daidaita. Na kai yatsa zan lalubo, sai na ji tsawa: "Cire! Mi kake yi? Sa ƙarfe!" Da ɗan sandan ƙarfe da taɓa kirik kaɗan-kaɗan ƙarƙashin fon ramin ya zo, bulon ya shige.

Ina kwance ƙasa ne na lura da abin da kunnena ke ji tun safe. Baba na cewa kirik da lakile, ƙanena da ya yi zaman gareji wajen Jibiya na cewa jak da sifana. Turawa biyu ƙarƙashin mota guda, kuma duka Hausa ta tanƙwara su. Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, shi ya sa take cusa wasali: bras ya koma bara, cric ya koma kirik, kamar yadda spanner ya koma sifana. Lakile da lakkwal kuwa har da ɗan harafin gabansu na Faransanci aka haɗiye. Wannan ƙa'ida na rubuta ta a jarrabawa na ci maki. Ashe ranar da na gyara wa Baba magana, shi ke bin ƙa'idar.

La'asar na ɗaure bulon huɗu tamau, na fito ina murmushi. Baba ya ce: "Ka ɗaure? To koma ka sassauta."

Raina ya ɓaci, hannuna duk ya kumbura. Ya bari na huce, sannan ya yi bayani. Robar ba juyawa take bisa bulon ba, murɗewa take. In ka ɗaure ta mota na rataye, da an sauke sai ta zauna a murɗe dare da rana, ba za ta daɗe ba ta tsage. Sai mota ta tsaya bisa tayoyinta, nauyinta ya zauna, sannan a yi ɗaurin ƙarshe. Na sassauta, muka sauke, muka girgiza ta, na sake rarrafawa ciki na ɗaure.

Ƙanena ya ja, Baba na gaba, ni ina baya. Muka hau latarit, ya taka, ya saki, mota ta tafi sak. Baba bai yaba ba. Da muka dawo ya zaro lakilen mota da hannun hagu ya miƙa wa ƙanena, ya juyo ya ce mani: "Ɗan lakkwal, na sama biyun ma sun kusa. In ka dawo wakansi."

Na ce to, Baba, bara na sama.