Gemu Ba Ya Hana Neman Ilmi: Kyaftin Ya Koma Ɗalibi

Idan aka dubi ƙafafunsu, jiragen sama iri biyu ne. Akwai masu taya a ƙarƙashin hanci, su ne ake gani yau a manyan filayen jirage. Akwai kuma masu 'yar ƙaramar taya can a ƙarƙashin wutsiya, waɗanda in sun tsaya sai a ga hanci sama, wutsiya ƙasa. Dattawa za su tuna da jirgin DC-3 na tsohon kamfanin Nigeria Airways, wanda in fasinja ya shiga sai ya yi ta hawan tudu kafin ya kai kujerarsa. To, irinsa ake nufi.

Wani kyaftin a Amurka, wanda ya shekara fiye da ashirin yana tuƙa manyan jiragen fasinja, shi ne ya ƙudura niyyar koyon irin wannan jirgi bayan furfura ta fito masa. Bai taɓa tuƙa shi ba, domin tun wajen 1956, da kamfanin Cessna ya fito da samfurin 172 mai taya a hanci, makarantun tuƙi suka fara juya wa masu taya a wutsiya baya. Dokar ƙasar kuwa, tun daga 15 ga Afrilu, 1991, ta ce kome daɗewar mutum a sama, in bai taɓa riƙe irin wannan jirgi kafin ranar ba, tilas malami ya koya masa, ya kuma sa hannu a littafinsa. Malamin da ya samu kuwa sa'an ɗansa ne.

Jirgin da aka ba shi Piper Cub ne, ɗan ruwan ɗorawa mai jikin ƙyalle, wanda aka fara ƙerawa a 1938, injinsa ƙarfin doki 65 kawai. Da hannu ake juya farfelarsa ta tashi. Kyaftin ya dube shi ya yi murmushi, ya manta Bahaushe ya ce kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.

Tun kafin a bar ƙasa wahala ta soma. Kujerar baya aka zaunar da shi, ba ya ganin kome a gabansa sai ƙeyar malami da hancin jirgi. Dole ya riƙa tafiyar maciji, ya karkata dama ya leƙa hagu, ya karkata hagu ya leƙa dama, kafin ya san abin da ke kan hanya.

Amma asalin sirrin yana wajen nauyi. A jirgi mai taya a hanci, cibiyar nauyi tana gaban manyan tayoyi, saboda haka in ya ɗan kauce, nauyin da kansa zai ja shi ya miƙe. A mai taya a wutsiya kuwa cibiyar tana bayan tayoyin, kamar an harba kibiya da gindinta a gaba. Da zarar ya kauce ko da kaɗan ne, sai wutsiya ta nemi ta wuce hanci, kuma kafin ƙiftawar ido jirgi ya yi juyin waina a ƙasa, fiffike ya daki turɓaya, wani lokaci ƙafa ta karye. Ba sababbin hannu kaɗai abin ke kamawa ba. Amelia Earhart, wadda ta ƙetare Tekun Atilantika ita kaɗai a 1932, irin wannan juyi ne ya lalata mata jirgi a Hawaii a watan Maris na 1937, tana shirin zagaya duniya.

Maganin abin yana tafin ƙafa, wato matakai biyu da ke juya fiffiken wutsiya mai tsaye. A nan asirin kyaftin ya tonu. Manyan jirage suna da na'urar da ke daidaita wutsiya a sama, don haka shekara da shekaru ƙafafunsa suna hutawa. Wata rana da hantsi suka sauko, iska na bugowa daga gefe, tayoyi suka taɓa ciyawa lami lafiya. Bisa sabo sai ya saki jiki, ya sassauta sandar tuƙi. Nan take hanci ya zarce hagu. Ya taka dama a makare, ya kuma taka da ƙarfi fiye da kima, jirgi ya watso dama, fiffike ya sunkuya yana neman ƙasa. Malami ne ya karɓe, ya ƙara wuta, suka koma sama.

Da suka sauka, saurayin ya gaya masa cikin ladabi cewa wannan jirgi ba a gama tuƙa shi sai an kashe inji an ɗaure shi da igiya. Abin ya yi wa kyaftin ciwo, har ya kwana yana shawarar ya haƙura, tun da ba abincinsa ke nan ba, kuma ba wanda zai tuhume shi. Amma ya san in ya tafi, kunya ce ta kore shi. Gari na wayewa ya dawo.

Daga nan ya shiga koyo kamar yaro. Ya koyi taka kaɗan ya saki, tun kafin kaucewar ta girma. Ya koyi kafa ido can nesa, yana auna gefen fili da wutsiyar ido. Ya koyi saukar da tayoyi uku lokaci guda, sanda a manne da ciki, da kuma sauka a kan manyan tayoyi biyu, sannan a kwantar da wutsiya sannu a hankali. Ya kuma koyi cewa fasa sauka a sake zagayowa ba abin kunya ba ne.

Ranar da malami ya sa masa hannu, layi 'yan kaɗan ne a littafin da ya riga ya cika da sunayen manyan biranen duniya. Da ya koma bakin aikinsa, mataimakansa sun lura da abu biyu: saukarsa cikin iskar gefe ta ƙara kyau, kuma in ƙaramin ma'aikaci ya yi masa gyara, yakan saurara har ya kai aya.