Randar Iya da matar da ke bayan naira ashirin

Hutun aiki na samu a asibiti, na shiga mota daga Funtua zuwa Malumfashi don gaishe da innata. Kaka ta yi: an karye masara, dawa ta sunkuyar da kai, buhuna jibge a bakin titi. Bayan mun wuce Bakori direba ya tsaya sauke kaya, na hango wata tsohuwa zaune cikin randuna, tuluna da tandar waina.

"Iya, nawa randar nan?"

"'Yata, ke ce farau tun safe. Yanzu kowa roba yake so."

Ina ƙirga kuɗi sai ga naira ashirin. Na juya bayanta na nuna mata hoton. "Iya, wannan ma maginiyar tukwane ce."

Ladi Kwali ke nan, Bagwariya daga garin Kwali. A hannun goggonta ta koyi gini, tana zana ƙadangare, kunama, kada da kifi a jikin tulu. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa tara tukwanenta, a fadarsa Bature Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta farko a can. An baje kayanta a Landan, ta zaga Amurka a 1972 tana gini a gaban jama'a. Ba ta yi boko ba, amma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, nan kusa da mu, ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a Minna a 1984.

Iya ta daɗe tana kallon hoton. "Ashe sana'armu ta hau kuɗi?" Sai ta ce cikin jikokinta mata babu mai son taɓa yumɓu, wai ƙazanta ce.

Ban yi ciniki ba, na biya yadda ta faɗa. Randar tana tsakar gidana, da murfi da moɗarta ta musamman, don hannun yara shi ke gurɓata ruwa. Ko an ɗauke wuta ruwanta da sanyi.

Iyaye mata, in naira ashirin ta shigo hannunku, ku juya ta ku nuna wa 'ya'yanku. A garinku, wa ya rage yana gini?