Fas: Yadda Aka Raya Alƙarawiyyin a Tsakiyar Tsohon Birni

 

A wannan fitowa za mu kai ku birnin Fas na ƙasar Maroko, wanda sunansa ba baƙo ba ne a gidajenmu. Da yawa daga iyayenmu sun san shi ne ta dalilin zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a can a shekarar 1815, kuma har gobe maziyarta daga Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi ba su yankewa. Tafiyar ƴan mintoci daga zawiyar sai ga masallacin Alƙarawiyyin da jami'arsa. Abin da ya tsayar da mu a wurin shi ne tambayar da mahukuntan ƙasar suka daɗe suna fama da ita: ta yaya za a gyara makarantar da ta haura shekara dubu, wadda gidaje da kasuwanni suka kewaye ta kowace fuska, ba tare da an rasa ɗalibanta ko an tashi maƙwabtanta ba?

Hanyar shiga

Mun shiga tsohon birnin, wato Fasul Bali, ta ƙofar Bab Bu Julud, muka gangara ta titin Ɗala'a Kabira. Mota ba ta shiga nan. Kaya duka a kan jakuna da alfadarai da amalanke suke tafiya, kuma da zarar mutum ya ji an ce «balak!» sai ya manne da bango ya ba da hanya. Wannan ƙuncin shi ne matsala ta farko ga duk mai son gini ko gyara, domin kowane buhun farar ƙasa da kowane gungumen katako sai an yi dakonsa ta waɗannan lunguna.

Baƙo zai iya wuce Alƙarawiyyin bai ankara ba, saboda shaguna sun rufe bangayensa. Sai ya leƙa ta ɗaya daga ƙofofi, ya hangi farfajiya mai daɓen zillij da wurin alwala, sannan ya gane girman wurin. Masallacin yana ɗaukar masallata kimanin 20,000.

Tushen makarantar

Masu tarihi sun ruwaito cewa Faɗimatu Alfihriyya, ɗiyar wani attajiri da ya yi ƙaura daga Ƙairawan ta Tunisiya, ita ta gina masallacin da dukiyar gadonta a shekarar 859 miladiyya, daidai da 245 bayan Hijira. An ɗaga hasumiyarsa a 956, sannan sarkin Murabiɗawa Ali ɗan Yusufu ya faɗaɗa shi wajen 1135. Sarakunan Banu Marin suka gina madarasai a kewayensa: Saffarin a 1271, Aɗɗarin tsakanin 1323 da 1325, Misbahiyya a 1346. Waɗannan madarasai masaukin ɗalibai ne. Mai neman ilimi da ya fito daga nesa yana samun ɗaki da gurasa daga dukiyar waƙafi, yana tashi ya taka zuwa da'irar malaminsa a masallaci. A 1349 Sarki Abu Inan ya kafa ɗakin littattafai. A Fas ne Hasan Alwazzan ya yi karatu, mutumin da ya bayyana Agadas da Katsina da Kano a littafinsa da aka buga a birnin Banis na Italiya a 1550.

Yadda rauni ya shiga

Da Faransa ta kafa mulkinta a 1912, sai aka mayar da babban birni Rabat, aka gina sabuwar unguwa a wajen ganuwar Fas. Sannu a hankali manyan gidaje suka tashi, wasu zuwa sabuwar unguwa, wasu zuwa Kasabulanka. Talakawa daga ƙauyuka suka cika gidajen da aka bari, iyali da yawa a gida ɗaya, babu mai ƙarfin gyaran rufi ko bango.

Makarantar ma ta bi sahu. Bayan samun ƴancin kai a 1956, an shigar da Alƙarawiyyin cikin tsarin jami'o'in gwamnati a 1963, karatu ya bar masallaci ya koma gine-gine a wajen tsohon birni, wasu sassa har Marakish da Tiɗwan. Masu wannan shawara suna da hujjarsu, domin jami'ar zamani tana buƙatar fili da azuzuwa da hanyar mota, kuma babu ko ɗaya a Fasul Bali. Amma da ɗalibai suka tafi, madarasai suka zama kango, danshi ya ci bango, katako ya ruɓe.

Aikin farfaɗowa

Hukumar Unesko ta sa tsohon birnin Fas cikin jerin kayan tarihin duniya a 1981. A 1988 Sarki Hasan na Biyu ya maido da karatun gargajiya cikin masallacin, kuma a 1989 aka kafa hukumar ADER-Fès domin rage cunkoso da gyaran gine-gine. A 2013 Sarki Muhammadu na Shida ya ƙaddamar da shirin gyaran wuraren tarihi 27, tare da dubban gidajen da ake tsoron rushewarsu.

Ɗakin littattafai, wanda ƙofarsa ke kallon dandalin Saffarin inda maƙera tagulla ke bugu tun safe, an damƙa gyaransa a 2012 ga Aziza Shawuni, ƙwararriya a zanen gini kuma ƴar asalin birnin. Babban maƙiyin da ta tarar shi ne ruwa, wanda ke bi ta ƙarƙashin ginin yana hawa bango. Saboda haka kafin a taɓa ado sai da aka shimfiɗa magudanai a ƙasa. Daga nan aka gyara zillij da sassaƙen katako da hannun masu sana'ar garin, aka sa na'urorin daidaita danshi da faifan hasken rana, aka tanadi ɗakin kula da tsofaffin takardu. An kammala a 2016. Ɗakin yana riƙe da rubuce-rubucen hannu kimanin 4,000, ciki har da Alƙur'ani da rubutun Kufi na ƙarni na 9, da kwafin Kitabul Ibar wanda Ibn Khaldun ya yi waƙafinsa ga masallacin. A da, ƙofar taskar tana da makulli huɗu, kowane mabuɗi a hannun mutum dabam, don kada wani ya buɗe shi kaɗai.

A 2017 aka buɗe wasu madarasai bayan gyara, ciki har da Saffarin da Misbahiyya, aka mayar da wasunsu ga aikinsu na asali, wato masaukin ɗalibai. A ganinmu wannan ne ya fi kowane ado muhimmanci, domin ɗakin da ake kwana a ciki shi ake lura da yoyonsa tun yana ɗigo.

Abin da ya rage

Gyara yana zuwa da nasa haɗarin. Idan unguwa ta yi kyau, kuɗin gida yakan hau, kuma mun ga tsofaffin gidaje da dama da aka mayar masaukin ƴan yawon buɗe ido. Baƙi suna kawo ciniki, wannan gaskiya ne. Amma idan mai gasa gurasa da mai ɗaurin littafi da ɗalibi talaka suka kasa biyan haya, wa zai cika sahun asuba a Alƙarawiyyin? Ma'aunin nasarar aikin shi ne yawan mazauna da ɗaliban da suka iya zama, kuma shekaru masu zuwa ne za su nuna hakan.

Mu ma muna da rabonmu a wannan darasi. Tsohon birnin Agadas ya shiga jerin Unesko a 2013, kuma a Damagaram da sauran garuruwanmu akwai makarantun zaure da gidajen malamai da damina ke ci kowace shekara. A cikin adakokin iyalai da yawa akwai littattafan kakanni da gara da danshi ke lalatawa. Mu fara da abin da Fas ta fara da shi: a gyara indararo da magudanar ruwa kafin a yi fenti, a ɗaga littattafai daga ƙasa a ajiye su a busasshen wuri, a kuma ware wani abu na waƙafi domin gyaran kowace shekara da masaukin almajirai.

Allah Ya jiƙan Faɗimatu Alfihriyya da duk wanda ya gina wa ilimi gida, Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka bar mana. Amin. Sai mun sake haɗuwa a fitowa ta gaba, in Allah Ya so.